Neman Kasuwar Fim Tun Kafin A Ɗauki Hoto

Tun da wayar hannu mai ɗaukan hoto ta yawaita, sha'awar shirya fim ta kama samarinmu ƙwarai. A kwalejin nan ma ba a rasa waɗanda su ke da labari rubuce a littafi, suna jiran ranar da za su sami kyamara da 'yan kuɗi su mai da shi fim. Abu ne mai kyau, ba mai hana su. Amma akwai tambayar da ya kamata mai wannan niyya ya amsa tun bai kira ko ɗan wasa ɗaya ba, watau in an gama fim ɗin, wa zai kai shi gaban masu kallo, ta wace hanya, kuma ta ina kuɗin da aka kashe za su komo? Maganarmu a nan a kan mai shirya fim da ƙarfin kansa ce, wanda ba gwamnati ko wani babban kamfani a bayansa, sai aljihunsa da na 'yan'uwa da abokai.

Bari mu ɗan waiwaya baya tukuna, don a can ne za a ga tushen abin. A zamanin Turawa fim iri biyu jama'ar Arewa suka sani. Na farko shi ne majigi, mota ce da allo da injin wuta, tana bin garuruwa tana nuna wa mutane hoto kyauta a ƙofar fada. A 1939 aka kafa ofishin shirya irin waɗannan finafinai a London, aka ba William Sellers shugabanci, wanda dā ma'aikacin lafiya ne a Ikko. Tsofaffi har yanzu suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da noman auduga. Irin wannan fim ba ruwansa da neman kasuwa, gama wanda ya biya kuɗin yin sa shi ne kuma mai motar da za ta yawata da shi. Na biyu shi ne gidan silima na biya, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Gidajen nan da cinikin shigo da finafinai galibi a hannun baƙi su ke, musamman mutanen Labanan, abin da su ke nunawa kuwa na Amurka ne da na Indiya. Ɗan ƙasa ko ya yi fim, sai mai gida ya ga dama zai ba shi dare ɗaya.

Ga misali wanda ya isa a yi tunani a kansa. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar, daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kashe masa kuɗin gwamnati, an nuna shi a bikin FESTAC na 1977, masana suka yaba. Daga nan sai ya ɓace, har waɗansu suka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ku duba fa, wajen shekara 40 ke nan Hausawan da aka yi fim ɗin da harshensu ba su da inda za su gan shi. Kyawun fim bai gaza ba, hanyar da zai bi ya isa gidajen mutane ce ba a shirya ba.

Abin da ya sauya al'amari shi ne kaset na bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan sana'ar ta kafu, har ta kai ga irin su Sangaya a 1999, shekarar da aka raɗa mata suna Kannywood. To, yaya aka yi kaset ɗin da aka shirya a Kano ya ke isowa Kasuwar Monday a nan Maiduguri cikin 'yan kwanaki, ya wuce Gamborun Ngala, ya ƙetare har Kusuri da Njamena? 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata ne suka yi wannan aiki. Dā ma suna da injunan kwafe kaset jere a shago, suna da abokan ciniki a ko wane babban gari, tun suna sayar da finafinan Indiya da wa'azin malamai. Mai fim ba sai ya gina hanya ba, ya tarar da ita a gine.

Tsarin cinikin nasu abin a lura ne. Mai shirya fim ya kan kawo uwar kaset guda, sa'an nan ya buga kwali, watau murfin nan mai hotunan 'yan wasa, ɗaruruwa ko dubbai. Ɗan kasuwa ya karɓi kwali, ya sa nasa kaset maras kome, ya kwafa, ya sayar. Kuɗin mai fim yana kan kwali ne, ko wane kwali da aka sayar yana da rabonsa, wanda bai shiga ba a mayar masa da abinsa. Yawanci kuma sai an sayar a ke biya. Kun ga ke nan asara in ta zo a kan mai fim ta ke sauka. Saboda haka masu wayo ba sa fara aiki sai sun je sun zauna a shagon ɗan kasuwa sun ji abin da ke tafiya. Shi kuwa ba ya tambayar daɗin labari, fuskar wa za a sa a kwali, waƙa nawa ce a ciki, shi ke nan. An sha zargin 'yan kasuwan nan da cewa su suka cika finafinan Hausa da rawa da waƙa, zargin kuwa yana da ƙamshin gaskiya. Amma a ganina ba a yi musu adalci in an manta cewa su ne suka fara mai da fim ɗin Hausa sana'ar da mutum zai ci abinci da ita.

Wannan kasuwa ta mutu. Kaset ya ba sidi wuri, sidi ya fi sauƙin sata, finafinan Indiya da aka juya da Hausa suka shigo da araha, sa'an nan masu tura fim a waya suka buɗe rumfuna a ko wace unguwa, a ba su 'yan kuɗi kaɗan su cika wa mutum waya, mai fim bai ga ko kwabo ba. Kafin 2020 yawancin shagunan faifai sun koma sayar da wani abu dabam. Wanda ya shirya fim yau da tunanin zai kai wa ɗan kasuwa ya buga, ya makara.

Hanyoyin da suka rage ba su da yawa, ko wacce kuma da irin fim ɗin da ta ke so. Wannan shi ne gindin maganar duka: hanyar da ka zaɓa ita za ta faɗa maka tsawon fim, da harshensa, da irin kayan aikin da za ka ɗauko, da iyakar abin da za ka kashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai talabijin. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da wasa mai dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, wanda a ke bi mako mako. Tasha tana da awoyin da za ta cika ko wane mako, don haka ta fi bukatar labari mai kashi da yawa, masu tsawo daidai da juna, da wuraren da za a tsaya a sa talla. In ka je mata da fim guda na awa biyu, da wuya ya sami gurbi. A nan gida muna da BRTV da NTA Maiduguri. Ku sani fa, a tashoshin gida sau da yawa ba saye a ke yi ba, mai shiri ne ke biyan kuɗin fili, sa'an nan ya nemo mai talla ya mayar masa. In haka ne, mai tallan nan shi ne abokin cinikinka na gaskiya, shi ya kamata ka fara gani tun labari yana takarda.

Akwai YouTube, inda mafi yawan masu sana'ar suka koma tun 2020, shekarar da Izzar So ya nuna musu cewa ana iya rayuwa a can. Ƙofarsa a buɗe ta ke ga kowa, wannan ne ke ruɗin yara. Sa fim kyauta ne, amma ba a fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta sami mabiya 1,000, an kuma kalle ta awa 4,000 cikin wata 12. In an kai nan, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan naka ne. Har wa yau kuɗin tallan ya danganta ga ƙasar da mai kallo ya ke, kallo daga Saudiyya ko Ingila ya fi kallo daga Damaturu kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Sabuwar tasha da fim ɗaya tak kamar rumfa ce a bayan gari. Saboda haka mai fim na farko yana da zaɓi biyu: ko ya yi wata da watanni yana sa gajerun abubuwa har ya tara mutane kafin babban aikin ya fito, ko ya yi yarjejeniya da mai tashar da ta riga ta kafu su raba abin da aka samu. In na biyu ya zaɓa, lalle ya nemi a riƙa nuna masa lissafin da YouTube ke bayarwa da idonsa, kada ya tsaya ga abin da aka gaya masa da baki.

Gidajen silima na zamani da manyan dandalin kallo na biya, irin su Netflix, su ne kowa ke mafarki. Ba zan daɗe a kansu ba. Silima tana son fim a wani tsari na musamman, da hoto da sauti masu tsabta ƙwarai, kuma sai an cire haraji, mai gida ya ɗebi nasa, dillali ya ɗebi nasa, sauran ne naka. Netflix ya sayi Lionheart na Genevieve Nnaji a 2018, mutane suka ce kakar 'yan fim ta yanke saƙa. Amma a Janairun 2024 Amazon ya daina ba da kuɗin shirya sababbin finafinai a Afirka. Wanda ya ci bashi yana jiran irin waɗannan kamfanoni ya ɗora tukunyarsa a murhun wani. Na gida kamar Northflix, da aka buɗe a 2019 don finafinan Hausa, sun fi kusa da hannu.

Akwai wata hanya kuma da mu mutanen Barno muka fi kowa sani. Tun da fitinar nan ta 2009 ta auku, ƙungiyoyin agaji da hukumomi suka cika garin nan, suna kuwa bukatar gajerun finafinai a kan tsabta, da allurar rigakafi, da karatun 'ya'ya mata, da zaman lafiya, su nuna a makarantu da unguwanni. In kun lura, majigi ne ya komo da sabuwar riga. Kuɗinsa tabbas ne, masu kallonsa a shirye su ke, ga malami kuwa aiki ne da ya dace da horonsa. Aibinsa shi ne mai kuɗi ke da magana ta ƙarshe a kan labari, sau da yawa kuma fim ɗin ya zama mallakarsa. Sai ka tambaya tun farko ko bayan sun gama amfani da shi kana da izinin sa shi a wani wuri.

Sai batun harshe, wanda a Maiduguri ba ƙaramin abu ba ne. Fim da Hausa yana da masu kallo daga nan har Kano da Maraɗi da Kumasi da Sudan, amma zai shiga kokawa da ɗaruruwan finafinan Kano masu sanannun fuskoki. Fim da Barbarci masu jinsa ba su kai haka ba, amma suna nan a Barno da Yobe da Difa da gefen Tafkin Cadi, abokan gasa kuwa kaɗan ne, mutum kuma yana son ya ji harshen uwarsa a allo. Ni dai ina ganin ɗan Maiduguri da ya kwaikwayi Kano ya bar abin da ya fi kowa da shi. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta maganar ko wane ɗan wasa daidai yadda ya faɗe ta, don a sami sauƙin sa fassara a ƙasan hoto, da Ingilishi, da Faransanci ma saboda maƙwabta. Kada a ɗauka harshen gida naƙasu ne a waje. A 2019 masu kyautar Oscar suka fitar da Lionheart daga gasar finafinan ƙasashen waje don Ingilishi ya yi masa yawa, alhali The Milkmaid na 2020 da Mai Martaba na 2024, waɗanda Nijeriya ta aika daga baya, da Hausa aka yi su.

The Milkmaid ɗin nan ya kawo mu ga hukumar tace finafinai. Desmond Ovbiagele ne ya shirya shi, ya ɗauke shi a Jihar Taraba, labarin 'yan mata biyu ne da 'yan tada ƙayar baya suka raba da gida, watau labarin da mu ka sani sarai. Ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar AMAA ta 2020. Duk da haka hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, ba ta ba shi takarda ba sai da aka yanke minti 24 daga cikinsa, saboda abubuwan da suka shafi addini. Ku auna kuɗin da aka kashe wajen ɗaukar minti 24. Kano kuma tana da tata hukumar tun 2001, a watan Mayu na 2025 ma ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan ba a kai mata ta duba kafin a sake su ba. Wanda zai taɓa labarin fitinar Barno, ko sarauta, ko malamai, ya karanta ƙa'idodin hukumomin nan tun yana rubutu. Wurin da ya ke shakka ya ɗauke shi iri biyu, in an hana ɗaya ga ɗaya. Goge layi a takarda ba ya cin kome, sake tara 'yan wasa bayan wata shida kuwa sai wanda ya gwada.

Yanzu ga takardu, waɗanda samari suka fi ƙi. Duk mai sayen fim na kirki abin da zai fara tambaya shi ne shaidar cewa fim ɗin naka ne kai kaɗai. Marubucin labari ya sa hannu ya ba ka izini. Ko wane ɗan wasa ya sa hannu, ko abokinka ne na ɗaki ɗaya, don abota ta kan yi sanyi ran da kuɗi suka shigo. Yaro ƙarami uba ko waliyyi ya sa masa. Mai gidan da aka yi wasa a ciki ya yarda a rubuce. Kiɗa kuwa shi ne babban tarko. Ka ɗauko amon wata waƙar Indiya ka sa, na'urar YouTube ta gane shi, sai a juya kuɗin tallan ga mai waƙar, ko a rufe fim ɗin ɗungum. Ga masu ganga da algaita a garin nan, ka biya su su yi maka sabo, ka rubuta abin da kuka shirya. In za a ɗauki hoton 'yan gudun hijira ko wanda fitina ta taɓa, a bayyana masa da harshensa inda hoton zai je, ya yarda da kansa, don shi zai zauna da abin bayan kun naɗe kayanku. Haka nan a sanar da bulama ko lawan na unguwa da jami'an tsaro kafin a kafa kyamara a titi. Kamfanin ma a yi masa rajista, ya sami asusun banki da sunansa, gama tasha ko ƙungiya ba ta zuba kuɗi a asusun ɗalibi.

Wajen aikin kansa abu biyu zan ambata. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. A gari mai ƙarar janareta da Keke Napep, kuɗin da za a ƙara wa kyamara gara a ba mai ɗaukar sauti, a kuma ajiye magana dabam, kiɗa dabam, don in an so juya fim ɗin zuwa wani harshe kada a rasa yadda za a yi. Na biyu, a sa mutum guda yana ɗaukar hotuna marasa motsi masu kyau a wurin aiki. Da su za a yi fosta da ɗan hoton nan da a ke latsawa a waya. Shi ne kwalin zamanin nan.

To, nawa za a kashe? Daga ƙarshe a ke fara lissafi a komo farko. Mu ƙaddara, don misali kawai, za ka nuna fim ɗinka a zauren makaranta mai cin mutum 300, ko wane ya biya naira 500. In ya cika ka sami naira 150,000. Cire 60,000 na haya da man janareta da fosta da masu tsaron ƙofa, saura 90,000. Dare 10 ya ba ka 900,000. Amma zaure ba ya cika kullum. In mutum 200 suka zo, 100,000 ka samu, kuɗin haya da mai kuwa ba su ragu ba, saura 40,000, dare 10 ya zama 400,000. Kun gani, masu kallo sun ragu da sulusi, abin da ya shiga aljihu ya ragu da fiye da rabi. A kan ƙaramin lissafin nan a ke yanka fim, ba a kan babban ba. Daga cikinsa kuma tilas a ware na hukumar tacewa, da na fassara, da na talla, a kulle su kada a taɓa, don abin da aka saba gani shi ne kuɗi su ƙare ranar da aka gama ɗauka, fim ya kwanta a kwamfuta. A zaɓi lokacin fitarwa tun da wuri. Bikin Salla ne kakar masu fim, amma manya ma shi su ke jira, ƙarami ya kan fi samun ido a makon da ba kowa.

In Allah ya sa mai saye ya zo, kada murna ta sa a sa hannu a tsaye. A duba abu huɗu: shekara nawa zai riƙe fim ɗin, a waɗanne ƙasashe, ta wace hanya, kuma shi kaɗai ne ko kana iya ba wani. Wanda ya ba tashar talabijin izinin shekara 2 a Nijeriya yana da sauran abin sayarwa, wanda ya sayar ɗungum ya gama. A kuma bi tsari wajen fitarwa, bukukuwan finafinai irin su Zuma a Abuja ko FESPACO a Wagadugu da nuni na biya su fara, talabijin ya biyo, YouTube a ƙarshe, domin abin da ya riga ya shiga wayar kowa kyauta ba wanda zai saye shi, waɗansu bukukuwan ma ba sa karɓarsa.

Uwar fim kuwa, da takardun nan duka, a yi musu kwafi biyu ko uku, kada a ajiye su a gida ɗaya. Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta ran 10 ga Satumba 2024 sun cinye dukiyar mutane da takardunsu ba iyaka. Ɗaya ya zauna a wurinka, ɗaya a wurin wani amintacce a wani gari, ɗaya a ma'ajiyar intanet, a riƙa kunna su ana dubawa ko sau ɗaya a shekara.